Tambayoyi da Amsoshi: Kula da Yankakken Fure da Shukokin Biki a Yanayin Kaduna

Fure ya shiga gidajen Kaduna fiye da yadda aka saba a da. Ana kai wa amarya, ana kai wa maijego da mara lafiya, ana jera shi a falo ranar Sallah, a coci da gidaje kuma lokacin Kirsimeti da Ista. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma abin takaici ne a ga damin da aka saya da tsada ya sunkuyar da kai tun baƙi ba su watse ba. Ga tambayoyin da aka fi yi. Amsoshin an auna su ne da abin da muke fama da shi a nan: ƙurar hunturu, zafin bazara, ruwan burtsatse, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa.

An kawo mini damin fure naɗe cikin leda. Da me zan fara?

Ki fara da kwalbar da za ki sa shi, 'yar'uwa. Ki wanke ta da soso da sabulu har gindi, ki ɗauraye sosai. In an taɓa sa fure a cikinta, ki ɗiga bilic kaɗan a ruwan wankin. In dai ba za ki iya shan ruwa da ita ba, to tsabtarta ba ta kai a sa fure ba.

Sai ki kwance ledar da robar da aka ɗaure damin. Ki tsige duk ganyen da zai nutse a ruwa, don a zafinmu kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ruɓewa. Ki sami wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, ki yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara, a karkace, ki tsoma shi cikin ruwa nan take kafin bakin yankan ya sha iska. Almakashin da ya dakushe ba yanka yake yi ba, matse karan yake yi. Akwai masu dandaƙa gindin kara da dutse wai don ya fi shan ruwa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin karan da aka farfasa shi ne farkon ruɓewa.

Bayan haka ki ajiye shi a wuri mai sanyi da inuwa na awa biyu ko uku, ya sha ya ƙoshi, kafin ki fito da shi falo. Furen da ya sha tafiyar mota yana bukatar wannan hutun.

Ga shi tsaye cikin ruwa, amma yana yaushi. Ta yaya?

Ƙishirwa ce ke kashe shi, duk da yana cikin ruwan. Karan fure cike yake da siraran hanyoyi, kamar an haɗa tsinken shan lemo masu yawa wuri guda. Ganye da fure suna ta fitar da ruwa zuwa iska, wannan fitarwar ce ke jawo wani ruwan daga ƙasa. Abu biyu ke toshe hanyoyin. Na farko iska ce, wadda ke shiga da zarar an bar yankakken kara a waje. Na biyu ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ke hayayyafa a ruwan kwalba su taru a bakin yankan.

Ka zaro kara ɗaya ka shafa gindinsa da yatsa. In ka ji yauƙi, ko ka ga ruwan ya yi fari-fari yana ɗan wari, to an zo wurin. Ƙara sabon ruwa a kan tsohon ba zai yi magani ba. A zubar da shi duka, a wanke kwalba, a ɗauraye karan, a sake yanke kamar santimita 1, sannan a zuba sabo. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 35, kullum ya kamata a yi haka. A hunturu da damina bayan kwana biyu ya wadatar, sai dai a hunturu iska busasshiya ce, kwalba kan yi ƙasa da sauri, don haka a riƙa dubawa kowace safiya.

Ruwan famfo, na burtsatse, na rijiya, wanne ya fi?

Duk wanda yake garau. Ɗan warin maganin da ke ruwan famfo ba ya cutar da yankakken fure. Wani ruwan burtsatsen yana da nauyin ma'adanai. Alamarsa farin ɓawo a gindin butar shayi da sabulun da ba ya kumfa sosai, kuma ruwan lemon tsami kaɗan yana gyara shi. Na rijiya in ya yi laka-laka a bari ya kwanta, a tace. Na sama da aka tara cikin tsabtataccen mazubi ba shi da na biyu. Abin da za a guje wa shi ne ruwan tankin da rana ta gasa tun hantsi. A ɗiba da sassafe, ko a ɗebo daga randa.

Wani lokaci akan haɗo damin fure da ɗan gari a ƙaramar leda. In babu fa?

Garin nan abu uku ne a haɗe: sukari, wanda shi ne abincin furen tunda an raba shi da uwarsa, sinadari mai tsami, da ke sa ruwa ya fi saurin hawa kara, da kuma maganin bakteriya. Duka ukun akwai madadinsu a kicin ɗinki. A lita 1 na ruwa, wato ledar fiya wata biyu, ki sa babban cokali 2 na ruwan lemon tsami da aka tace, babban cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic irin su Hypo ko Jik.

A kula da kyau a nan. Ruwan ake fara zubawa, a sa lemon tsami da sukari a motsa, sannan a ɗiga bilic daga ƙarshe. Kada a taɓa haɗa bilic da lemon tsami zallansu a kofi, domin suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Kada kuma a yi haɗin a kwanon ƙarfe. In babu bilic a gidan, a bar sukarin ma gaba ɗaya, a tsaya ga ruwa mai tsabta da sauyawa kullum. Sukari shi kaɗai a wannan zafin bakteriya yake ciyarwa kafin ya ciyar da fure.

Na ji ana sa asfirin, ko kwabo, ko Sprite.

Asfirin da kwabo ba abin dogaro ba ne. Lemon kwalba mara launi irin Sprite ko 7Up yana aiki, don akwai sukari da tsami a ciki: kashi ɗaya nasa, kashi uku ruwa, da 'yan ɗigon bilic.

A ina ya fi dacewa in ajiye shi a falo?

Nesa da taga mai rana, nesa da saman talabijin da firij inda zafi ke tashi, kuma ba a ƙarƙashin fanka ko saitin bakin na'urar sanyaya ɗaki ba. Sanyin ɗaki alheri ne ga fure, amma iskar da ke bugunsa kai tsaye busar da shi take yi.

Akwai kuma abokin gaban da ido ba ya gani, wata iska da ake kira etilin. 'Ya'yan itace masu nuna ne ke fitar da ita, musamman ayaba, mangwaro, gwanda, tuffa da tumatir. Ita ce dalilin da ya sa masu sayar da ayaba ke lulluɓe ta don ta nuna da wuri. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Dimitri Neljubow, shi ne ya gano tasirinta a kan tsiro a 1901, lokacin da ya lura cewa gas ɗin da ake kunna fitilu da shi yana karkatar da ƙananan tsirrai a ɗakin bincikensa. Abin da take yi wa fure shi ne tsofar da shi da gaggawa: karneshan ya naɗe bakinsa cikin dare ɗaya, okid ya zubar da furanni, tohon wardi ya ƙi buɗewa. Saboda haka tiren kayan marmarin buɗa-baki da kwalbar fure ba sa zama teburi ɗaya.

Hayaƙi ma yana ɗauke da ita: na janareta, na risho, na gawayi, na sigari, har da na turaren wuta. Ba cewa nake a daina turara ɗaki ba, Hajiya, ɗakin amarya ba ya cika sai da kasko. A dai fitar da furen zuwa wani ɗakin, a turara, hayaƙi ya lafa, sannan a dawo da shi. Haka nan in za a fesa maganin sauro. Turaren feshi da humra kuma kada su taɓa furen, tabo suke bar masa.

Zan iya sa shi a firij da dare?

Ya danganta da irinsa. Wardi, karneshan da kirisantimam suna son sanyin digiri 2 zuwa 5, kuma kwana a firij yana ƙara musu kwanaki, muddin an fitar da kayan marmari, kuma furen bai jingina da bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa ba. Furannin ƙasashe masu zafi kuwa, irin su anturiyam, helikoniya da yawancin okid, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 baƙanta su yake yi. Firiza kam babu furen da ke shigarta ya fito da rai.

Sai a yi la'akari da wuta. In tana ɗaukewa tsakar dare, firij ya huce ya yi gumi, laimar kan kwanta a kan furen ta jawo masa ruɓa mai launin toka. In ba ka da tabbacin wuta, ƙasan tayil a lungu mafi sanyi na gidan, ko gefen randa, ya fi maka.

Wardin da aka ba ni jiya ya karya wuya. Ya mutu ke nan?

Sau da yawa bai mutu ba, iska ce ta toshe shi. Ki cika baho da ruwa mai ɗan ɗumi, ki nutsar da gindin karan, ki yanke santimita 3 zuwa 5 yana cikin ruwan, sannan ki kwantar da shi gaba ɗaya, kai da kara, na rabin awa zuwa awa ɗaya. Wata hanyar ita ce ki naɗe shi da takardar jarida tamau yadda kan zai miƙe, ki tsayar da shi a ruwa mai zurfi na wasu awoyi. In wuyan ya riga ya motse ya yi ruwan ƙasa, sai haƙuri. Ki gutsure kan ki ɗora shi a kan ruwa cikin ƙaramin kwanon gilashi, zai ƙara kwana ɗaya ko biyu.

Wane fure ne ya fi jure Kaduna, kuma yaya zan gane sabo wurin saye?

Wardin da ake sayarwa a manyan biranenmu, wani daga Jos yake zuwa, wani kuma jirgi ne ke ɗauko shi daga ƙasashe irin su Kenya, inda gonakin gefen tafkin Naibasha suka yi suna a duniya. Naibasha tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, Jos wajen mita 1,200, Kaduna kuwa wajen 600. Ma'ana, furen sanyi ne aka sauko da shi cikin zafi, kuma ya riga ya kwashe kwanaki a hanya. In ya yi miki kwana biyar zuwa bakwai ya yi ƙoƙari, a bazara ma ba ya kaiwa. Kirisantimam, karneshan da alsitromeriya kan kai mako biyu in an kula da ruwansu. In ni ce zan kai wa mara lafiya ko in yi adon Sallah, waɗannan zan zaɓa, wardi kuma in bar wa ranar da dole sai shi. Ƙaramar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne a Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, don haka a sayi fure ranar jajibere, ba kwana uku kafin nan ba.

Wurin saye, ki tambayi mai kayan ranar da suka iso. Ki ɗan matsa gindin kan wardin da yatsu biyu: sabo yana da tauri, tsoho ya yi laushi. Ki juya damin ki dubi bakin karan, ya zama kore ko fari, ba baƙi mai yauƙi ba. Ki leƙa bokitin da suke ciki, domin ruwansa zai gaya miki irin kulawar da suka samu.

Kada kuma mu raina na gida. Ziniya, furen rana, marigol da iksora suna fitowa a tsakar gida ba wahala, kuma sun saba da yanayin. Reshen zoɓo mai jajayen 'ya'ya yana yin kyau a doguwar kwalba a ƙarshen damina, furen lalle kuma reshe ɗaya ya isa ya cika ɗaki da ƙamshi. A yanke su bayan sallar asuba, tun da sauran sanyin safiya, da bokitin ruwa a hannu. Boganbiliya dai a bar ta a kan katanga, in an yanke ta ba ta daɗewa.

Na sayi jar fulawar Kirsimeti a tukunya, mako guda ganyen ya fara zuba.

Fonsetiya ke nan. Asalinta ƙasar Meziko ce, kuma ta samo sunanta daga Joel Roberts Poinsett, jakadan Amurka na farko a can, wanda ya aika da ita ƙasarsu a shekarun 1820. Jan da ake gani ganye ne da ya rikiɗe. Furen na gaskiya su ne 'yan ƙananan ƙwallaye masu ruwan ɗorawa a tsakiya. In za ka saya, ka nemi wadda ƙwallayenta ke nan a rufe. Wadda nata suka zube ta riga ta tsufa.

Zubar ganye kusan kullum daga ruwa ne. Akan naɗe tukunyar da takarda mai ƙyalli ko a zura ta cikin wata tukunyar ado mara huji, ruwa ya taru a ƙasa, saiwa ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe yaushi take yi daidai da mai jin ƙishirwa, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta. Ka cire naɗin ko ka huda shi. Ka ba ta ruwa sai saman ƙasar ya bushe, ka bari ya tsiyaye, ka zubar da abin da ya taru a faranti. Tana son haske sosai, kamar taga mai kallon gabas, amma ba ta son a bar ta a baranda cikin iskar daren Disamba da Janairu, ba ta kuma son bakin na'urar sanyi.

Biki ya wuce, ta koma koriya. Za ta sake yin ja?

Za ta yi, kuma a nan mun fi Turai sauƙi. Fonsetiya tana yin ja ne idan dare ya yi tsawo. A ƙasashen sanyi, masu ita a gida kan rufe ta cikin duhu na awa 14 kowane dare, daga farkon Oktoba har mako takwas zuwa goma. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, kuma tsawon darenmu daga Oktoba ya ishi wadda aka dasa a fili ta yi ja da kanta wajen Nuwamba da Disamba. Abin da ke ɓata lissafin shi ne fitila. Ƙwan tsaro da ke kwana a kunne, ko fitilar sola ta bakin titi, in tana haska ta da dare, sai ta yi ta ganye kore har shekara ta fita. A dasa ta a kusurwar da ke yin duhu sosai.

Wajen Maris ko Afrilu a datse ta a bar kamar santimita 15 zuwa 20. In ruwa ya zauna a Mayu ko Yuni a mayar da ita ƙasa ko babbar tukunya. A riƙa tsinke kan sababbin rassa don ta yi cunkus, a daina daga ƙarshen Agusta. A ƙasa takan zama ƙaramar bishiya da ta fi mutum tsawo. Lokacin datsa a sa safar hannu ko leda, saboda farin ruwanta yana sa ƙaiƙayi, in ya shiga ido kuma yana da zafi.

Gaskiya ne tana da guba? Ina da yara ƙanana.

An zuzuta gubarta fiye da kima. Binciken da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo a 1971 ya ciyar da ɓeraye ita da yawa ba tare da ta kashe su ba. Yaron da ya tauna ganyen zai iya yin amai ko ciwon ciki, amma ba a nan babban haɗarin yake ba.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro suna nan birjik a gidajenmu ba wanda ya damu da su. Oliyanda, mai siraran ganye da furanni ruwan hoda ko fari da ake shukawa a bakin get, gubarta zuciya take taɓawa, kuma ganye kaɗan ya isa ya kashe dabba. Kariya, mai kumburarren gindi da ke fure da rani, ruwanta ne maharba a wasu sassan Afirka ke dafin kibiya da shi. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake ajiyewa a falo, in yaro ya ciza bakinsa da harshensa kan kumbura. Jan lilin da ke fitowa a ƙarshen hunturu yana da gindi mai siffar albasa, don haka kada a ajiye shi kusa da kayan miya. Lilin da ke zuwa cikin dami kuma, ko garin furensa kyanwa ta lasa yana iya lalata mata ƙoda.

Alhaji, in Babbar Sallah ta gabato aka ɗaure rago a tsakar gida, a auna tsawon igiyarsa, a kwashe duk tukwanen da bakinsa zai kai. Kada kuma yara su zuba masa rassan da aka datse daga shingen fulawa cikin harawa.

In yaro ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure masa, a garzaya asibiti da guntun shukar a hannu. Kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro.

Sau nawa zan ba shukar tukunya ruwa, kuma wace ƙasa zan zuba?

Babu adadin kwanakin da ya dace da kowa. Ki cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi ki bari, in ta bushe ki ba ta har ya fito ta huji. A bazara ƙaramar tukunya a waje kan so ruwa kullum da yamma, a watan Agusta kuwa aikin shi ne janye ta daga bakin indararo. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, tana numfashi kuma tana riƙe sanyi, sai dai a tabbatar an huda gindinta.

Jar ƙasarmu ita kaɗai a tukunya daskarewa take yi ta hana ruwa wucewa. A haɗa kashi biyu na baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashin rafi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin shanu ko ƙonanniyar ƙaiƙayin shinkafa. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Shukar da aka sayo cikin baƙar leda wurin masu fulawar bakin titi, a dasa ta da yamma, a bar ta a inuwa na 'yan kwanaki. A ɗora tukwane kan bulo saboda gara.

Ƙurar hunturu ta rufe ganyen, ga kuma wasu fararen abubuwa a jiki.

Ƙura tana tare haske, don haka a goge manyan ganye da jiƙaƙƙen tsumma mako-mako, ƙanana kuma a fitar da su a watsa musu ruwa da safe. Kada a shafa mai ko madara don ƙyalli, ƙura suke ƙara kamawa. Fararen da ke maƙale a kusurwar ganye kamar ɓarɓashin auduga ƙwari ne masu tsotsar ruwan shuka. In kuma ganye ya yi ɗige-ɗige, da siririyar yana a bayansa, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne da busasshiyar iska ke haifarwa. A sa ƙaramin cokali 1 na sabulun wanke-wanke na ruwa a lita 1, a fesa da yamma har bayan ganyen, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. A fara gwadawa a ganye ɗaya. Ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro da aka jiƙa ya kwana shi ma yana taimakawa. Garin sabulun wankin kaya yana da ƙarfi, ƙona ganye yake yi.

Bishiyar Kirsimeti mai rai fa?

Wadda aka fi samu a tukunya ita ce arokariya, mai rassa hawa-hawa, 'yar asalin tsibirin Nofok a tekun Fasifik. Tana son haske da danshi, don haka a riƙa fesa mata ruwa a hunturu, kuma a rataya mata ado mara nauyi da ƙananan fitilun da ba sa zafi. In kuwa rassa aka saro aka kafa a falo, iskar Disamba kan busar da su cikin 'yan kwanaki, kuma busasshen reshe ba ya jira in ya ga wuta. Kyandir kada ya kusance shi, a kuma kashe fitilun kafin a kwanta.

Garin lili ya zube mini a farar shadda.

Kada ka goge da hannu, kada ka sa ruwa. Ka kakkaɓe, ka ɗauke sauran da salatif a hankali, ka shanya rigar a rana kafin wanki. Nan gaba, da zarar lili ya buɗe, a tsinke 'yan sandunan da ke ɗauke da garin da tishu.

Za mu tafi gida hutu na kwana goma. Yaya zan bar shukokina?

Ki tara tukwanen wuri guda a inuwa, manne da juna, ki ba su ruwa su ƙoshi, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa. Ki ɗora bokitin ruwa a kan kujera, ki yanka tsummar atamfa ta auduga siri-siri, baki ɗaya a gindin bokitin, ɗayan a binne cikin tukunya. Ruwan zai riƙa bin tsummar a hankali. Ki gwada tun mako guda kafin tafiyar. In maƙwabciya za ki bar wa, ki faɗa mata ranakun da za ta ba su ruwa, domin mai son kyautatawa yakan ba su kullum har su ruɓe.

Ruwan kwalba ba zai tara sauro ba?

Zai tara in aka bar shi. Sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi yana son ruwa mai tsabta a ƙananan mazubai, kuma daga ƙwai zuwa mai cizo mako guda zuwa kwana goma ne. Mai sauya ruwa bayan kwana biyu ba shi da damuwa. Inda ake mantawa shi ne farantin ƙarƙashin tukunya, da shukokin da ake raino cikin kwalbar ruwa wata da watanni. A zubar, a kuma goge bangon mazubin da soso, don a jikinsa ƙwan ke maƙalewa.

Ina so in adana damin bikina. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma hunturu ne ya fi kowane lokaci dacewa, tunda laimar iska da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kada ki jira ya yi yaushi, amarya. Tun yana da kyansa, kwana ɗaya ko biyu bayan biki, ki tsige ganyen, ki raba shi ƙananan ɗauri na kara biyar ko shida, ki ɗaure da roba don tana bin karan yayin da yake motsewa. Ki rataye shi kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska ke shiga, ki lulluɓa masa siririn gyale saboda ƙura. Cikin mako biyu zai bushe. Jan wardi kan koma duhu sosai, fari kuma ya koma ruwan madara. In bikin damina ne, ratayewa kan ƙare da fumfuna, sai ki zaɓi 'yan furanni ki shimfiɗa su tsakanin takardun jarida, ki danne da littattafai masu nauyi, ki riƙa sauya takardar bayan kwana biyu har su bushe.